Kafin Ka Sayi Kaza: Shawara ga Mai Fara Kiwon Kaji a Gida

'Yan'uwa manoma, da wuya a shiga gida a ƙauyukanmu a rasa kaza. Ita ce asusun talaka. Idan yaro ya kwanta ciwo, ita ake kamawa a kai kasuwa a sayo magani. Idan lokacin biyan kuɗin makaranta ya yi, ko baƙo ya sauka ba shiri, ita ce ke fid da mai gida kunya. Duk da haka akwai waɗanda suka yi kiwon kaji suka bari, suna cewa ba su da hannun kiwo. Akwai kuma matasa da sababbin ma'aurata da suke so su fara, amma tsoro ya hana su, gama sun ga yadda hunturu ɗaya yakan share kajin unguwa duka.

Maganar da muke so mu kafa a nan guda ɗaya ce. Kazar gida tana yin ƙwai, tana kwanci, tana ƙyanƙyasa, ba tare da an koya mata ba. Abin da ke cinye ribar mai kiwo shi ne mutuwa, kuma yawancin mutuwar nan a wuri biyu take aukuwa: cikin makonni shida na farkon ran ɗan tsako, da lokacin annobar hunturu. Wanda ya toshe waɗannan ƙofofi biyu ya gama rabin aikin kiwo. Saboda haka shirin hana mutuwa shi ne abin farawa, sayen kaji ya biyo baya.

BARI MU YI LISSAFI

Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta kwanta, kuma takan yi haka kamar sau uku a shekara. A ce mutum yana da kaji mata 5 da zakara 1. A ce kowace ta yi ƙwai 12 sau uku. Ƙwai 180 ke nan a shekara. In an bar wa kowace 10 ta kwanta a kai, an sa 150 a gurbi, 30 kuma sun shiga tukunya. In 8 cikin kowane 10 suka ƙyanƙyashe, an sami 'yan tsaki 120.

To, a nan ne hanya ta rabu biyu. A gidan da ake sakin 'yan tsaki su bi uwarsu cikin raɓa da ciyawa tun ranar farko, ba a kuwa yi rigakafi ba, ba abin mamaki ba ne a ga 3 kaɗai cikin 10 suka girma. Kaji 36 ke nan. A gidan da aka tsare su har 7 cikin 10 suka rayu, kaji 84 ne. Uwayen ɗaya ne, ƙwan ɗaya ne, bambancin kaji 48 kuwa daga kulawa ya fito. Wannan lissafi misali ne kawai, kowa ya sa nasa adadi ya gwada. Amma yana nuna mana inda kuɗin yake zurarewa.

DA WAƊANNE KAJI ZA A FARA?

Shawararmu ga sabon mai kiwo ita ce ya fara da kajin gida, mata 4 ko 5 da zakara ɗaya. Zakara ɗaya ya ishi kaji 10. In zakaru suka yi yawa, faɗa ne kawai da ɓarnar abinci.

Mun san idon mutane yana kan kajin gidan gona, gama irin masu ƙwai sukan yi 250 zuwa 300 a shekara. Amma a duba abin da suke bukata. Kowace takan ci kamar giram 110 zuwa 120 na haɗaɗɗen abinci kowace rana. Wato kaji 50 za su cinye buhu mai kilo 25 cikin kwana huɗu ko biyar, kuma sai an ciyar da su kusan wata biyar kafin a ga ƙwan farko. Ba sa kwanci, saboda haka in sun tsufa sai an sake sayen 'yan tsaki. Wanda kuɗin abinci ya yanke masa a tsakiyar hanya, tilas ya sayar da hasara.

Akwai kuma irin da masananmu na gida suka inganta. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ta fito da kaza mai ƙwai da ake kira Shika Brown, aka yi mata rajista a 2000. Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta ta fito da FUNAAB Alpha, aka yi mata rajista a 2018. Akwai Noiler da ake samu a kasuwanni da yawa, mai saurin girma, tana kuma iya kiwo a tsakar gida. Duka suna da amfani, amma sun fi kajin gida ci, kuma ba a dogara da su wajen kwanci. A bari sai an yi shekara guda ana kiwon na gida, hannu ya faɗa, sa'an nan a gwada su.

Wajen saye, a nemi kaji daga maƙwabci ko ɗan ƙungiya wanda aka san gidansa lafiya. Kasuwa mahaɗar cuta ce, gama mutane da yawa ba sa kai kaza kasuwa sai sun ga ta fara laushi. A zaɓi sagara mai wata biyar ko shida, mai ido garau, tukku ja, gashi a kwance yana sheƙi, hanci a bushe, gindi ba kashi manne. A tambayi halin uwarta: tana zaman kwanci sosai? Tana tsare 'ya'yanta? Zakara kuwa a samo shi daga wani gida dabam, kada ya zama ɗan'uwan kajin, kuma a sake shi bayan shekara ɗaya ko biyu don kada ya riƙa bin 'ya'yansa.

Duk kazar da ta shigo gida, ta saye ce ko ta kyauta, a keɓe ta ita kaɗai kwana 14 kafin a haɗa ta da saura. Wannan doka ba ta da togiya, ko daga hannun suruki kazar ta fito.

AKURKI

A gina akurki kafin kaza ta iso. Kazar da ke kwana a kan itace ko a bayan rumbu rabon muzuru ce da ɓarawo, ba kuwa za a iya kama ta a yi mata rigakafi ba.

Akurkin da muka saba ginawa yana da aibi biyu: ƙofa ƙarama wadda tsintsiya ba ta shiga, da rashin iska. Ɗaki mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 6 ya ishi manyan kaji 10 zuwa 12 kwana. A gina shi da ƙasa a wuri mai tudu inda ruwa ba ya kwanciya, a yi jinka mai kyau, a sa ƙofar da mutum zai iya shiga ya yi shara. A bar tagogi a sama, a rufe su da wayar raga ko karan dawa da aka jera a matse. Ƙofa ta dubi kudu, gama daga gabas hadari ke tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa. A yaɓe bango sumul, domin cikin tsaga ƙuma da kaska suke ɓuya da rana su fito da dare su sha jinin kaji.

A gitta sanda mai kaurin ƙotar fartanya, kamar ƙafa 2 daga ƙasa, don kaji su hau su kwana. A ba kowace kaza taƙi ɗaya na sandan. A yi shara aƙalla sau biyu a mako, a barbaɗa toka a ƙasa. Kashin da aka share taki ne mai ƙarfi, amma ɗanyensa yana ƙone shuka, sai a tara shi a rami ya ruɓe kafin a kai lambu.

A waje kuma, a inuwa, a tona ɗan gurbi a cika shi da toka da rairayi. A nan kaji za su yi birgima su kashe ƙwarƙwatar jikinsu. Kada kaji su kwana ɗaki ɗaya da mutane ko a madafa. Kashin kaji yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa yara zawo. A share inda jarirai ke rarrafe, kuma duk wanda ya taɓa kaji ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

ABINCI DA RUWA

Kazar gida tana nema wa kanta yawancin abincinta: ƙwari, tsutsa, ganye, hatsin da ya zube. Amma abin da ke tsakar gida da bayan gida yana da iyaka. In kaji suka yi yawa, abincin nan ɗaya za su raba, duka su rame, ƙananan kuwa su ne za su fara mutuwa. Da kaka akwai wadata. Da bazara da farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a nan ne suka fi bukatar taimako.

A ba kowace babbar kaza cikin tafin hannu ɗaya na dusa ko tsaki da safe, a ƙara kaɗan da yamma a bakin akurki. Na yamman nan shi ke koya musu dawowa gida da wuri. Hatsi kaɗai ba ya gina jiki. A haɗa da tunkuza busasshiya, ko garin waken soya, da ganyen zogale. Lalle a soya waken soya ko a dafa shi kafin a niƙa, gama ɗanyensa yana da wani abu da ke hana abinci narkewa. Ƙuli-ƙulin da aka sa wa gishiri da yawa bai dace da 'yan tsaki ba. Don ɓawon ƙwai ya yi ƙarfi, a ƙona ƙashi a daka, ko a gasa ɓawon ƙwai a daka shi lilis, yadda kaji ba za su gane shi su koyi fasa ƙwansu ba.

Gara abinci ne na ƙwarai, kyauta ce kuwa. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta da yamma a inda gara ke bi, a rufe da buhu. Da sassafe a ɗaga a zazzage wa kaji.

Kada a ba kaji masara ko gyaɗa da ta yi fumfuna. A Ingila, a 1960, 'yan talotalo kamar 100,000 suka mutu, da aka bincika sai aka tarar dafin fumfuna ne a cikin tunkuzar gyaɗar da aka ba su. Dafin nan ba ya mutuwa da dafuwa. Yana lalata hanta, yana kuma raunana jikin kaza har rigakafi ya kasa kama ta sosai.

Ruwa kuwa shi ne abin da aka fi mantawa. Kaza ba ta gumi, da haki take fid da zafi, saboda haka ƙishirwa tana saurin kama ta. Kaji 10 za su sha lita 2 zuwa 3 a yini, da bazara ya fi haka. A ajiye kasko a inuwa, a wanke shi kowace safiya. In ba a ba su ba, ruwan kwatami za su sha.

KWANCI DA ƘYANƘYASA

A shirya wa kowace kaza gurbinta a cikin akurki, a kusurwa mai duhu: tsohuwar ƙwarya, ko fasasshiyar tukunya, ko kwando, a zuba toka kaɗan a ƙasa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. In ba a shirya ba, za ta tafi bayan gida ta yi wa maciji ƙwai.

A riƙa kwashe ƙwai kullum, a bar ɗaya a gurbi don ta ci gaba da zuwa. A rubuta kwanan wata a jikin kowane da fensir, a ajiye a wuri mai sanyi. Sa'ad da ta kwanta, a ba ta waɗanda ba su wuce kwana 7 ba, masu tsabta, marasa tsaga. Tsofaffin a ci ko a sayar. Kada a wanke ƙwan da za a sa a gurbi. Ƙaramar kaza 8 zuwa 10 take iya rufewa, babba 12. In aka ɗora mata fiye da ƙarfinta, na gefe za su yi sanyi, ita kuwa tana juya su, yau wannan a gefe gobe wancan, har yawancinsu su lalace.

Kwanci kwana 21 ne. A ajiye mata ruwa da abinci kusa. A kwana na 7 zuwa na 10, da dare, a haska kowane ƙwai da tocila. Mai rai za a ga jijiyoyin jini kamar saƙar gizo a ciki. Wanda ya fito garau ba komai, a cire shi tun bai zama bara-gurbi ya fashe ya ɓata saura ba. Wanda ya sa wa kaza ƙwan zabi ya sani shi kwana 26 zuwa 28 yake yi, don haka ba a haɗa su gurbi ɗaya rana ɗaya.

Ga wata dabara. In kaji biyu suka kwanta rana ɗaya, za su ƙyanƙyashe tare. Da dare sai a haɗa wa wadda ta fi iya reno 'yan tsakin duka, in ba su fi ƙarfinta ba. Ɗayar kuwa, bayan 'yan makonni za ta koma yin ƙwai.

MAKONNI SHIDA NA FARI

Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Amma tsoronta bai isa ya cece su ba. Shirwa da shaho da hankaka suna sama, muzuru da tunku da gafiya suna ƙasa. Ga raɓar safiya da ruwan sama da ke jiƙa su sanyi ya kashe su. Ga uwa mai dogon yawo, ɗan tsako ya gaji ya ɓace a ciyawa. Ga manyan kaji da ke ture su daga abinci.

Maganin wannan duka babban kwando ne. A saƙa mai faɗin kamar ƙafa 3 ko 4, a kife uwa da 'ya'yanta a ciki. A sa shi a busasshen wuri mai inuwa, a gusa shi sabon wuri kowace rana don kada kashi ya taru. Mako biyu na fari kada su fita ko kaɗan. Daga nan ana iya sakinsu kusa da gida bayan raɓa ta bushe, in akwai mai lura, a mai da su kwando kafin la'asar. A ci gaba da haka har mako shida, lokacin da gashi ya rufe musu jiki. Da dare a shigar da su akurki, da hunturu a lulluɓe kwandon da buhu, a bar kafar iska.

Wanda ya tsare ɗan tsako ya ɗauki nauyin cikinsa. A haɗa mudu 2 na tsakin masara ko dawa mai laushi da mudu 1 na garin soyayyen waken soya, a ƙara gara da yankakken ganye. A ba su kaɗan-kaɗan sau huɗu a yini. Kwana biyu ko uku na fari, dafaffen ƙwai ɗaya da aka marmashe yana ba su ƙarfi ƙwarai. Ruwansu a zuba a faranti marar zurfi, a jera tsakuwa a ciki, gama ɗan tsako yakan nutse a ruwan da bai kai inci biyu ba.

In an ware uwa daga 'ya'yanta sa'ad da suka kai mako shida, ana kuma ba ta abinci sosai, za ta koma yin ƙwai da wuri fiye da wadda aka bari tana yawo da su wata uku.

ANNOBAR HUNTURU

Kowane gari da sunan da yake kiranta, amma likitocin dabbobi Niyukasil suke ce mata, sunan wani gari a Ingila inda aka gan ta a 1926. A Nijeriya an fara tabbatar da ita a wajajen Ibadan a 1952. Tana iya zuwa kowane lokaci, amma a ƙasashenmu ta fi tsanani da hunturu, lokacin da sanyi ke raunana kaji, ana kuma ta kai da kawowa da su saboda bukukuwan ƙarshen shekara.

Alamunta sanannu ne. Kaza ta takure, fikafikai sun sauka kamar ta yafa bargo. Kashi ya zama ruwa, kore ko fari-fari. Tana buɗe baki tana neman numfashi. Wata wuyanta ya murɗe, ta riƙa zagaye. A garken da ba a yi wa rigakafi ba tana iya kashe kusan duka cikin 'yan kwanaki. Tana bin kashi da numfashi, tana bin takalmi da kwandon dillali, tana bin gashi da hanjin kazar da aka yanka aka zubar a bola.

Mu faɗa wa juna gaskiya: in ta shiga jikin kaza ba ta da magani. Barkono, ɓawon maɗaci, da kafso mai ja da rawaya da ake fasawa a ruwa, babu wanda ke kashe ta, domin irin ƙwayar cutar da ke kawo ta ba ta jin waɗannan magunguna. Kazar da ta tashi bayan an ba ta su, da ma mai tashi ce. Rigakafi ne kaɗai ke tsare garke.

Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, wadda take wurin tun 1924, tana yin rigakafin wannan cuta iri-iri. Akwai Lasota, akwai kuma wanda ake kira I-2, wanda masana na Jami'ar Kwinsland a Ostireliya suka samar musamman domin kajin ƙauye, gama ya fi sauran jure zafi. Ba allura ake yi ba. Ɗigo ɗaya ne a ido ɗaya, ga babba da ƙarami, har ɗan tsakon kwana ɗaya. Ga abubuwan kiyayewa:

1. A maimaita kowane wata huɗu. Misali Oktoba, Fabrairu da Yuni. Na Oktoba shi ne mafi muhimmanci, don ya riga hunturu.

2. Rigakafi yakan ɗauki kamar mako biyu kafin ya kama jiki. Wanda ya jira sai kajin maƙwabci sun fara mutuwa ya makara.

3. Masu lafiya kaɗai ake yi wa. In aka ɗiga wa kazar da ta riga ta kamu, za ta mutu, mutane su ce rigakafin ne ya kashe ta.

4. Jure zafi ba ya nufin a bar shi a rana. A saya inda ake ajiye shi a firji, a duba ranar ƙarewarsa. A hanya a naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma a cikin kwando mai shan iska.

5. A dama shi yadda takardarsa ta ce, da ruwan da aka tafasa ya huce, a yi aiki da shi a ranar, da sassafe, a inuwa, kafin a saki kaji.

AIKIN ƘUNGIYA

A nan ne amfanin ƙungiyarmu yake. Kwalba ɗaya ta rigakafi ta kaji masu yawa ce, mai kaji goma ba zai iya ƙarar da ita shi kaɗai ba, in an dama kuwa ba ta ajiyuwa. Ban da haka, kajin unguwa tare suke kiwo, ba su san iyakar gida ba. In gidaje uku suka yi, bakwai suka ƙi, cutar za ta zauna a unguwa tana jiran 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe bayan rigakafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, malamin dabbobi ya koya musu ɗiga rigakafi. Lalle a sa mata a ciki, gama a yawancin gidajenmu kaji na mata ne da yara, su ne kuma suka san wadda ta ci da wadda ba ta ci ba. A ƙidaya kajin kowane gida mako guda kafin ranar. A yanka ɗan kuɗi a kan kowace kaza, wanda zai biya rigakafi da kuɗin mota da ladan masu aiki, don kada aikin ya mutu bayan zagaye ɗaya. A sanar cewa ranar kada kowa ya buɗe akurki sai masu rigakafi sun zo. A gayyaci duk maƙwabta, 'yan ƙungiya da waɗanda ba 'yan ƙungiya ba, domin cuta ba ta tambayar katin shiga.

Ƙungiya tana kuma iya taimakon mai farawa. A ba shi sagaru biyu ko uku da aka yi wa rigakafi, da sharaɗin sai ya gina akurki, in sun hayayyafa ya mayar da adadinsu a ba wani.

SAURAN CUTUTTUKA

Rigakafin Niyukasil ita kaɗai yake tsarewa. Akwai ƙurajen da ke fitowa a tukku da fuska, sauro ke yaɗa su, suna da nasu rigakafi da ake tsirawa a fatar fiffike. Akwai Gumboro mai kama 'yan tsaki tsakanin mako uku da shida, ita ma da nata. Kashi mai jini a wurin ƙanana yawanci daga jiƙaƙƙen wuri mai datti yake, yana kuwa da magani. Tsutsar ciki tana sa rama. Duk waɗannan a nemi malamin dabbobi. In an ba kaza magani, a kiyaye kwanakin da takardar ta ce a jira kafin a ci namanta ko ƙwanta.

Murar tsuntsaye kuwa sha'aninta dabam ne. An tabbatar da ita a Nijeriya a Fabrairu 2006, a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, a watan nan kuma aka same ta a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. Ta sake ɓullowa a 2015. Tana kama da Niyukasil ƙwarai, ido ba ya rabe su, tana kuma iya kama mutum. In kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, musamman waɗanda aka yi wa rigakafi, a kai rahoto ofishin dabbobi nan da nan. Kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa, kada yara su taɓa. Mushe a binne shi da zurfi ko a ƙone. Wanda ya ruga da kaza mai ciwo kasuwa ya ceci kuɗin kaza ɗaya, ya kai wa wani gari annoba.

CI DA SAYARWA

Kada a tara kaji don a ce ana da su. Zakarun da suka kai wata biyar ko shida a sayar, gama daga nan cinsu ya fi girmansu. Kaji sukan yi daraja lokacin Kirsimati da Sabuwar Shekara da Salla. Ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe a Yuni ko Yuli zai isa sayarwa a Disamba, in kwando ya tsare shi daga ruwan damina, rigakafin Oktoba kuma ya tsare shi daga hunturu. Kazar da ta tsufa ko mai watsar da kwanci a fid da ita, a bar sagaru masu kyau a madadinta.

Ƙwai kuwa kada duka su tafi kasuwa ko gurbi. Abinci ne mai gina jiki ga yara da mata masu ciki da masu shayarwa. Maganar da ake yi cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata ba ta da tushe. A dafa shi sosai a ba su.

A sami ɗan littafi. A rubuta ranar kwanci, nawa aka ƙyanƙyashe, nawa suka kai mako shida, nawa suka mutu da abin da ya kashe su, ranar rigakafi, da abin da aka sayar. In babu mai rubutu, ɗan makaranta ya taimaka. Littafin nan ne zai nuna ko shirwa ce ke cin ribar ko cuta.

ABIN YI YANZU

Mai son farawa ya bi wannan jeri: akurki tukuna, sa'an nan kwando da kaskon ruwa, sa'an nan ya sa sunansa a wurin masu rigakafi na ƙungiya, daga baya ya sayo kaji. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su sa maganar nan a taronsu mai zuwa, a zaɓi masu rigakafi, a tsai da rana, a je a ga malamin dabbobi na ƙaramar hukuma tun iskar hunturu ba ta fara kaɗawa ba. Ƙungiyar da ta gwada ta aiko mana da adadin kajin da aka yi wa rigakafi da adadin da suka ga ƙarshen hunturu, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru.